Da Ruwan Ciki Akan Ja Na Rijiya: Ɗaliban Dakoro Da Rayuwar Jami'a

Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Duk makiyayin da ya taɓa shayar da dabbobi a rijiyoyin Tarka ya san gaskiyar wannan magana, kuma ita ce ta dace a rubuta a ƙofar kowace jami'a ta ƙasar Nijar. Domin kuwa an daɗe ana maganar ilimi mai zurfi kamar dai bai wuce malami da allo da takardar shaida ba, alhali kuwa ɗalibin da ake son ya ɗauki karatun mutum ne mai ciki, mai buƙatar wurin kwana, wanda zazzaɓi kan kayar, kewar gida kuma kan hana shi barci. Ƙasar da ta gina azuzuwa ta mance da tukunya, ta haƙa rijiya ne ta hana guga.

Shekara da shekaru, yaron da ya fito daga Kornaka ko Birnin Lalle ko Sakabal ya ci jarrabawar bak, ba shi da inda zai dosa in ba Yamai ba, sai fa Jami'ar Musulunci ta Say ga mai karatun Larabci, ko ƙasashen waje ga wanda Allah ya tarfa wa garinsa nono. A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a babban birni, ta zama jami'a a 1973, aka kuma raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Tsakanin Maraɗi da Yamai akwai tafiyar sama da kilomita 600, ban da kilomita 100 da ƴan kai da ɗan Dakoro zai fara shafewa kafin ya iso Maraɗin. Saboda haka ba ƙaramin abin alheri ba ne da aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, aka kuma ƙara da na Agadas da Difa da Dosso da Tilaberi a 2014. Ta Maraɗi, mai ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, tana koyar da ilimin noma da muhalli, da kimiyya da fasaha, da kiwon lafiya, waɗanda su ne ainihin abin da jihar ke ƙishirwa. Wanda ya musa wannan ci gaba bai yi adalci ba.

Sai dai kuma kusantar gini ba ita ce kusantar karatu ba. Nisan da ya rage tsakanin ɗan talaka da digiri a yau ba a auna shi da kilomita. Ana auna shi da kuɗin haya, da kwanon abinci, da ƙwayar maganin zazzaɓi.

Kafin a yanke wa wannan ɗalibi hukunci, ya kamata a san daga inda ya fito. Gundumar Dakoro, wadda ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutane fiye da 600,000, tana zaune ne a kan iyakar ƙasar noma da ta kiwo, iyakar da doka ta shata tun 1961. Kuɗi kan shiga hannun manomin gero da wake sau ɗaya a shekara, da kaka. Na makiyayi kuwa sai ya kai akuya ko ɗan maraƙi kasuwa, kuma da bazara, lokacin da dabba ta rame, farashinta kan faɗi a daidai sa'ar da na hatsi ke tashi. Kowa ya san cewa a yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fari da farin dango na 2004, Dakoro na cikin wuraren da aka fi buɗe cibiyoyin ceton yara masu tamowa. To, yaran da aka goya a wancan lokaci, waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana, su ne samari da ƴan matan da suka kai shekarun shiga jami'a a yau. Abin kunya ne a ce wanda ya tsallake yunwa yana goye, yunwa ce kuma za ta kore shi daga aji yana da gemu.

A kan takarda, tsarin ba shi da laifi. Akwai hukumar ANAB mai kula da kuɗin tallafin karatu, wato bursi. Akwai kuma cibiyoyin kula da jin daɗin ɗalibai, waɗanda aka ɗora wa nauyin ɗakunan kwana da gidan cin abinci da motocin jigila da ɗakin shan magani. Matsalar ita ce lokaci. Bursin da ya kamata ya zo da farkon zango, in ya zo bayan watanni, ya zama kuɗin biyan bashi. Ma'aikacin gwamnatin da ya ga shekarun 1990, lokacin da albashi kan yi wata da watanni bai fito ba, ga kuma karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan yadda ake sauya hanya don kauce wa mai shago. Ɗan kasuwa ma ya san zancen ta nasa gefen: idan baitulmali ya yi jinkirin biyan wanda ke kai shinkafa da mai a gidan abincin ɗalibai, shi ma dole ya ja da baya, tunda ba da takardar alkawari yake saro kaya ba. Ta haka jinkirin da aka yi a ofis ɗaya a Yamai yake kashe wutar murhu a Maraɗi.

Batun wurin kwana ya fi wannan tsanani. Yawan ɗalibai ya daɗe da zarce yawan gadaje, har ta kai ɗakin da aka gina don mutum biyu yakan ɗauki ninkin haka ko fiye. Ɗan birni yana komawa gidan ubansa da yamma. Ɗan Dakoro kuwa sai dai ya raɓa da wani ɗan uwa na nesa, ya zama ɗan aike da rana, ɗalibi da dare, ko ya haɗa kuɗi da abokai su kama ɗaki a bayan gari, su riƙa biyan kabu-kabu da kuɗin da ya kamata su ci abinci. Ga ƴa mace kuwa, rashin amintaccen masauki yakan zama ƙarshen karatu ɗungurungum, domin uban da ya yi ta maza ya bar ƴarsa ta kai ga bak ba zai yarda ta kwana inda bai sani ba, kuma ba za a ga laifinsa ba. Kowace yarinyar da ta koma gida saboda haka, wata likita ce ko malama da matan gundumar suka yi hasara.

Cunkoso kuma abokin cuta ne. Da damina zazzaɓin cizon sauro, da rani sanƙarau, wanda a 2015 ya tilasta rufe makarantun Yamai na wani lokaci. Akwai kuma ciwon da ba a gani da ido, wanda mutane ba su cika son ambata ba. Yaron da dukan ƙauye ya zuba wa ido, wanda aka sayar da saniya domin sa, idan ya faɗi jarrabawa ba ya iya faɗa wa kowa. Wani ya shiga damuwa ya daina magana, wani ya faɗa shan tramol wai don ya kwana yana karatu, wani ya bar jami'ar a ɓoye ya bi motar Agadas ko ta Kano. Da akwai wani babba mai hankali da zai zauna da shi minti talatin, da yawansu ba su ɓace ba.

Tarihin ƙasar nan ya isa ya zama malami ga mai son koyo. Ranar Juma'a 9 ga Fabrairun 1990, zamanin Janar Ali Saibou, ɗalibai suka fito daga jami'a suka nufi cikin gari ta Gadar Kennedy, suna adawa da matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi ilimi. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu. Kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta amince da tsarin jam'iyyu da yawa, kuma ranar 29 ga Yulin 1991 aka buɗe Babban Taron Ƙasa, inda ƙungiyar ɗalibai ta USN ta zauna a matsayin ɗaya daga cikin manyan ɓangarori. Wato maganar da ta faro daga halin rayuwar ɗalibi ita ce ta girgiza mulki. Bayan shekara 27, ranar 10 ga Afrilun 2017, aka sake rasa wani ɗalibi, Mala Bagale, a zanga-zangar neman kyautata yanayin karatu da biyan bursi, aka kuma rufe harabar jami'ar Yamai. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja, amma kukan bai sauya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu abin da ke tsaga bangon jami'a kamar yunwa.

Akwai masu cewa ɗalibai sun cika son banza, ga ƙauyuka babu ruwan sha, ga matsalar tsaro tana cin kuɗi, don me za a ciyar da ƙarti? Maganar tana da nauyi, kuma baitulmalin ƙasa ba rijiya ba ne marar ƙarewa. Amma a yi lissafi irin na kasuwa. Ƙasa ta ɗauki nauyin yaro shekara 13, daga ajin farko har zuwa bak, ta biya malamai, ta gina azuzuwa. Idan ya bar karatu a shekarar farko ta jami'a saboda rashin gado da tuwo, an yi asarar uwar kuɗi ne don gudun ɗan ƙaramin ciko. Babu ɗan kasuwar da zai ɗauko kaya daga Kwatano ya zubar da su a ƙofar gari don ƙyashin biyan ɗan dako.

Wasu kuma na cewa masu digirin ma ai suna zaune a fada ba aiki. Gaskiya ne aikin gwamnati ya yi ƙaranci. To amma Dakoro ba ta koka da yawan likitocin dabbobi ba, ba ta koka da yawan ungozomomi ko masanan rijiyoyin burtsatse ko malaman lissafi ba. Sau da yawa baƙon ma'aikaci da aka turo daga nesa ba ya rufa shekara biyu yake neman a mayar da shi birni. Wanda zai zauna shi ne wanda uwarsa ke nan.

Abin da ake nema daga hukuma bai fi ƙarfinta ba. Na farko, a tsayar da ranakun biyan bursi a bayyana su tun farkon shekara, a kuma cika alkawari, ko da kuɗin kaɗan ne, domin kaɗan mai zuwa a kan kari ya fi mai yawa da ba a san ranarsa ba. Na biyu, wajen rabon ɗakuna a fifita ƴan mata da waɗanda suka fito daga nesa, a kuma liƙa sunayen a bango kowa ya gani, don a toshe ƙofar alfarma. Na uku, a sayi gero da wake da kaka daga hannun manoman jihar, lokacin da suke da araha, a kuma biya masu kawo kaya cikin lokaci. Na huɗu, ɗakin shan magani ya kasance a buɗe dare da rana, da allurar rigakafi, da wanda aka horar don sauraron mai damuwa cikin sirri.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan ne magana ta iso kan ƴan kasuwa da ma'aikata ƴan asalin Dakoro. Saukar da mai neman ilimi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka tanadi masauki a Alƙahira don ɗalibansu da mahajjatansu. Fataken Hausa da suka kafa zango a Kumasi da garuruwan Gwanja sun yi arziki ne da al'adar mai gida, wanda ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa. Kakannin yau ma sun san gidan da ba ya rasa ƙwaryar almajiri. Me zai hana a sami gidan ɗaliban Dakoro a Maraɗi, ɓangaren maza daban, na mata daban ƙarƙashin kulawar dattijuwa, wani kuma a Yamai? Alhajin da ya gina masallaci na uku a unguwar da biyu ba su cika ba, da ya yi wakafin ɗakuna goma, da ladansa na gudana muddin wanda ya kwana a ciki yana warkar da marar lafiya.

Ba sai mai dukiya kaɗai ba. A ce mutum 200, ma'aikata da ƴan kasuwa, kowa ya ajiye jika ɗaya a wata: sefa 200,000 ke nan a wata, 2,400,000 a shekara. Wannan ya isa a kama hayar gida, a ajiye buhunan hatsi, a kuma tanadi abin kai marar lafiya asibiti. Ƙananan hukumomin gundumar, ko wane ne ke riƙe da ragamarsu, suna iya ware wani abu daga harajin kasuwannin dabbobi. Sharaɗi ɗaya ne: a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a kowace shekara, kada asusun ya zama na dangin wani ko tsanin mai neman suna, domin asusai da yawa sun mutu a ƙasar nan ba don rashin kuɗi ba, sai don rashin amana.

Su ma ɗalibai akwai nasu. Wanda ya ƙona motar jigila ya ƙona ƙafar ƙaninsa, kuma wanda ya riƙe ɗaki bayan ya gama karatu, ko ya sayar da gadonsa ga wani, ba shi da bakin zargin kowa da cin amana. Haƙƙin da ake nema da hujja da lissafi ya fi wuyar musantawa bisa wanda ake nema da jifa.

Daga ƙarshe, jami'a ta zo kusa, saura a kawo gado da tukunya kusa da ita. Rijiyar tana nan, ruwa kuma na ciki. Abin da ya rage shi ne a ba mai ja abin da zai riƙe igiya da shi. Allah ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu, ya buɗa wa masu hali hannu, ya kuma sa wa karatun yara albarka. Amin.