Tsaikon Da Ƙashi Ke Hawa

Jama'a, kowa ya san aikin maɗori. In ƙashi ya karye gida biyu, sai ya daidaita shi, ya ɗaure da karare, jiki ya ƙarasa sauran aikin. To, amma in haɗarin mota ya niƙe ƙashin har tsawon yatsa guda ya ɓace fa? Nan ɗori ba shi da magana, domin bakin nan ba zai sadu da wancan ba.

Abin da likitoci suka saba yi shi ne su yanko ƙashi daga ƙugun majinyacin su cike gurbin. Dabara ce mai kyau, sai dai ciwo ya zama biyu, ƙugu kuwa ba rumbu ba ne.

Tun wajen 1970 wani masanin Rasha, Alexander Friedenstein, ya nuna cewa cikin ɓargo akwai waɗansu ƙwayoyin asali masu iya rikiɗa su zama ƙashi. Amma ba a zuba su cikin rami haka kawai. Sai an kafa musu tsaiko, kamar yadda ba a baibaya ɗaki sai da shi. Akan yi tsaikon da ma'adinin da ke cikin ƙashi, a bar masa ƙofofi kamar soso.

Abin mamakin yana nan, mai karatu. Ashe ƙwayar tana taɓa shimfiɗarta ta ji! Takan kama ta ta ja, ta auna taurinta. A 1 ga gwaje-gwajen da suka yi suna, na shekarar 2006 a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Adam Engler da Dennis Discher da abokan aikinsu sun ɗora ƙwayoyi iri ɗaya bisa shimfiɗa iri uku. Na kan mai laushi irin na ƙwaƙwalwa suka soma kama da ƙwayoyin jijiya, na kan matsakaiciya suka nufi tsoka, na kan mai tauri kuwa suka ɗauki hanyar ƙashi.

Wuyar aikin ita ce jini. Ƙwayar da ta yi nisan da ya ɗara kashi ɗaya cikin biyar na milimita daga hanyar jini, iska ba ta isa gare ta, sai ta mutu. In an faɗaɗa ƙofofin don jini ya ratsa, tsaikon ya yi rauni. In an matse su, tsakiyarsa ta zama kufai.

An dai gwada a jikin mutum. A 2001 likitocin Italiya da Rasha suka ba da labarin majinyata 3 masu giɓin santimita 4 zuwa 7, waɗanda aka cike da tsaiko ɗauke da ƙwayoyin ɓargonsu, ƙashin kuwa ya haɗe. Sai dai bayan shekara shida ko bakwai tsaikon yana nan bai narke ba, alhali so ake ya riƙa zagwanyewa gwargwadon yadda sabon ƙashi ke tsirowa. A ganina majinyata uku ba su isa a yi guɗa ba tukuna, balle ga tsadar renon ƙwayoyin makonni a ɗakin gwaji kafin a shiga tiyata.