ƘWALLO BA YA HANA SANA'A

Ya kamata samarin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi masu gudun makaranta da gona saboda ƙwallo su dubi Tom Finney, shahararren ɗan wasan Ingila. Ya yi wa ƙungiyar Preston wasa daga 1946 zuwa 1960, ya kuma wakilci ƙasarsa sau 76. Amma tun yana yaro mahaifinsa ya tsaya lalle sai ya gama koyon gyaran famfo. A zamaninsa albashin ɗan ƙwallo bai wuce fam 20 a mako ba. Da ƙafa ta gaza, sana'ar nan ita ce ta riƙe shi. Ƙwallo na ƙuruciya ne, sana'a kuwa har tsufa. Sai iyaye su lura.