SHARAR KASUWA: DUKIYAR DA AKE TURAWA KWATA

Duk wanda ya ɗan dakata a harabar masallaci bayan an sallame sallar Juma'a, jama'a sun watse, zai ga abin da aka bari a baya: ledar fiya wata birjik, ɓawon rake, ɓawon lemo da kwalayen da aka shimfiɗa aka yi salla a kai. To wannan a wurin ibada ke nan, inda mutum ya zo da alwalarsa da fararen kayansa. Mai karatu ya ƙiyasta yadda lamarin yake a kasuwa, inda dubban mutane ke wuni tun safe har magariba suna kwance dila, suna yaga kwali, suna ci suna sha suna jefarwa.

A birnin Kano ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba. Wanda ya bi ta Sabon Gari ko Singa ko Ƙofar Wambai da yamma ya san yadda ake share gaban shago. Yaron shago zai ɗauki tsintsiya ya tattara komai, ya waiga dama da hagu, sannan ya tura cikin kwata, da niyyar wai ruwan sama zai tafi da shi. Alhali ruwa ba ya tafiya da leda ko'ina, iyakarta ta je ta maƙale a ƙarƙashin kwalbati ta tare yashi da tsumma, har magudanar ta toshe gaba ɗaya. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi kuwa, sai ya dawo ta hanyar da ya samu, wato ta cikin shagunan waɗanda suka toshe masa hanya. 'Yan kasuwar Kantin Kwari ba za su manta da daminar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga shaguna da rumbunan ajiya ya jiƙa atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi. Gaskiya ne an ɗora babban laifin a kan gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa, kuma wannan laifi ne na mahukuntan da suka ba da izini, amma ɗan abin da ya rage na magudana ma ai shara ce ta cike shi.

Abin takaicin shi ne wannan ɗabi'a baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Kakannin mutanen Kano ba su san wani abu wai shi shara marar amfani ba. Manoman ƙauyukan da ke kewaye da birni sukan shigo da itace a kan jakuna, in za su koma sai su cika mangala da toka da kashin dabbobi da sharar gida su kai gona, kuma da wannan taki ne ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. Gwangwanin madara ya zama aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi, tsohon tif ya zama guga, tsohon ƙarfen mota kuwa maƙeri ya mayar da shi fartanya da lauje. Abin da Turawa ke ta shirya wa taruka a manyan otal-otal a yau suna kiransa sake sarrafa shara, tsohuwar sana'a ce a nan.

Leda da roba ne suka ɓata wannan tsari. Da, ganye da takarda ake ƙunshe tsire da ƙosai, mace kuma ta aika kasuwa da kwando ko ƙwarya. Daga baya baƙar leda ta mamaye ko'ina, sannan a shekarun 1990 ruwan leda ya bazu. Ita leda ba ta ruɓewa kamar ganye, tana iya yin shekaru masu yawa a cikin ƙasa. Da ta gauraya da sharar gari sai takin ya lalace, manomi ya kai gona ya wuni yana tsince ta. A tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin saniya ko akuyar da ta yi kiwo a bola, za su ce dunƙulen leda ne, wanda ke hana dabba cin abinci har ta rame ta mutu. In kuma aka cinna mata wuta, kamar yadda ake yi a bayan kasuwanni da daddare, hayaƙinta guba ne ga ƙirjin mai gadi da almajirin da ke kwana a rumfa da duk mai ciwon asma da ke makwabtaka.

Da an ta da wannan magana sai ɗan kasuwa ya ce ai yana biyan haraji, kwashe shara aikin gwamnati ne, ga hukumar REMASAB can an kafa ta don haka. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai wanke mahukunta. Duk wanda ya karɓi kuɗin talaka da sunan tsafta ya bar bola ta cinye rabin titi, to ya ci amana, kuma zai yi bayani gobe ƙiyama. Tun zamanin sojan Buhari da Idiyagbon, a tsakiyar shekarun 1980, ake tsare mutane a gida ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da sunan tsaftar muhalli, shekara arba'in ke nan, amma abin da aka saba gani shi ne a yashe kwata a tara ƙazantar a gefen titi, motar kwasa ba ta zo ba, ruwa ya zo ya mayar da ita inda aka ciro ta. Sai dai fa ruwan da ya shiga shago ba ya tambayar wa ya biya haraji. Kayan da suka jiƙe na ɗan kasuwa ne, yaron da amai da gudawa ya kama nasa ne, mai sayen da ya toshe hanci ya wuce shagon gaba shi ma asararsa ce. Don haka neman haƙƙi a wajen hukuma bai hana mutum gyara ƙofar shagonsa ba.

Gyaran kuwa yana farawa ne daga abu mai sauƙi, wato kada a gauraya. Shara ba ta zama ƙazanta sai an haɗa ruɓaɓɓen tumatir da kwali da fasasshiyar kwalba a wuri ɗaya. Buhu uku sun ishi kowane shago: ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na leda da roba, ɗaya na kwali da gwangwani da ƙarfe. Busasshen kwali ana sayensa a kan sikeli, ana yin kiret ɗin ƙwai da shi, amma da ya jiƙe da miya ya tashi daga aiki. Fasasshen bokiti da tsohuwar kujerar roba ana wanke su a niƙa, masana'antun Sharaɗa da Bompai su narka su fito da buta da baho da silifas. Gwangwanin lemo na alminiyam shi ake narkawa a zuba tukwanen da ake dafa abincin biki. Ƙyallayen tela suna cika filo, garin katakon kafinta masu kiwon kaji na nemansa don shimfiɗa, ƙashin mahauta ana ƙona shi a niƙa a sa a abincin kaji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mai saye a cikin garin nan, abin da ya rage kawai a ajiye masa shi da tsabtarsa.

Babbar asara ma tana kasuwannin kayan gwari da 'ya'yan itace, irin su 'Yankaba da 'Yanlemo, inda kullum ake zubar da tulin ruɓaɓɓen tumatir da kabeji da kankana da lemo, ƙuda ya taru, wari ya hana sakat. Wannan tuli taki ne. A haƙa rami, a zuba kayan ruɓa, a bi da toka da kashin shanu ko na kaji, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa duk bayan mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki mai laushi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin komai ya tashi, buhun takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Ashe ba abin kunya ba ne motar da ta kawo tumatir daga Kadawa ko Kura ta koma wayam, alhali abin da gonar take buƙata yana nan jibge a bakin kasuwa yana cutar da mutane?

A nan ne maganar ta zo kan matasa. Da yawa daga cikin 'yan uwa yaran shago ne, ko masu koyon ɗinki da kanikanci da walda, wasu kuma sun gama sakandare suna zaune ba aikin yi. Tsintsiyar kasuwa a hannunsu take. Idan matasa biyar suka haɗa kuɗi suka sayi kura ɗaya da sikeli, suka yi yarjejeniya da layi guda na shaguna cewa kullum bayan la'asar za su zo su kwashe buhunan nan uku, to sun samu sana'a, masu shago sun huta, kwata kuma ta tsira. Mai ganin wannan ƙasƙanci ne, ya tuna cewa zaman majalisa ana jiran ɗan siyasa ya jefo na kashewa a ɗauki gora a bi shi ya fi ƙasƙanci nesa ba kusa ba. Musulmin da ya san ba a karɓar sallarsa sai da tsarki, ya kuma san an hana almubazzaranci da cutar da makwabci, bai kamata a ce wani ne zai koya masa wannan ba.

Haka nan akwai haƙƙin 'yan jari bola, bayin Allah da suke wuni cikin rana da buhu a kafaɗa suna tonon juji da hannu, ba safa ba takalmin kirki, allurar asibiti da kwalba suna yankarsu. Su ne suke rage wa garin nan nauyin da ya kamata a ce hukuma ta ɗauka, amma ladansu tsawa da kora. Ba a musun cewa akwai ɓata-gari a cikinsu masu cire murfin kwalbati da wayar lantarki, har ta kai mahukuntan Abuja sun hana sana'ar a cikin birni a farkon 2025. To amma ɓarawo ba ya sata sai ya san inda zai sayar, don haka dilan gwangwan da ke karɓar kayan da ya san na jama'a ne shi ne uban tafiyar. Maganin shi ne ƙungiyar kowace kasuwa ta san masu shigo mata, ta rubuta sunayensu, ta ba su shaida, a miƙa musu kaya a ware a hannu maimakon a bar su suna tono.

Wajibi ne kuma a yi gargaɗi, domin ba kowace juya shara ce alheri ba. Tsohon batirin mota cike yake da dalma, kuma fasa shi a narka a cikin unguwa kisan kai ne a hankali. A wata unguwa da ke gefen Dakar ta ƙasar Senegal yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda wannan aiki. Mutanen Zamfara ma sun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan masu haƙar zinare. Jarkar maganin feshi ba ta zama mazubin man gyaɗa ko an wanke ta sau goma. Robar da aka tsinto a bolar asibiti ba ta dace da zoɓo da kunun aya ba. Baƙin man da bakanike ya juye daga inji a tara shi a durom, kada a zuba a kwata ya gangara rafin Jakara, wanda da ruwansa ake ban-ruwan latas da alayyafon da ke dawowa kasuwa.

Su kuma masu masana'antar leda da ruwan leda, bai dace su kwashe riba su bar wa unguwannin talakawa kwasar ƙazanta ba. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, jihar Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a 2024. Jamhuriyar Nijar ma ta yi doka a 2014, amma wanda ya je Maraɗi ko Damagaram zai ga leda na lilo a kan ƙaya, abin da ke nuna doka a takarda ba ta share gari. Mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne duk mai gidan ruwa ya sa motar da ta kai kaya ta dawo da ledar da aka sha, ya biya wanda ya tara masa.

Damina ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Ɗan uwan da ya karanta wannan, in ya buɗe shago gobe Asabar, ya nemi buhu uku ya rataye, ya yi wa maigidansa bayani cikin ladabi, ya kuma kai maganar gaban shugabannin layinsu kafin hadari ya haɗu. Allah Ya ba da ikon gyarawa, Ya sa albarka a nema.