Uban Da Ya Sallama Wa Titi 'Ya'yansa, Wa Zai Zarga?



Duk wanda ya ratsa Kiyako bayan sallar Magariba, ko Birnin Kudu, ko Gwaram, zai ga abin da ake gani a sauran garuruwan ƙasar Hausa. Ga iyaye maza sun baje tabarma a majalisa, ko sun cika bencin mai shayi, ana ta musun siyasa da tsadar taki. Ga 'ya'yansu can a lungu ko a ƙofar gidan kallo, ba mai tambayarsu abin da aka biya musu yau. Ranar da aka gano yaro ya kai shekara 10 bai iya Fatiha daidai ba, bai iya rubuta sunansa ba, sai uban ya miƙe yana kumfar baki, wai malamai ba sa koyarwa, gwamnati ta kashe ilimi.

Gaskiya ne gwamnati tana da laifi, kuma ba ƙarami ba. Dokar UBE ta 2004 ta yi alkawarin karatun shekara 9 kyauta kuma dole, amma ga yaran karkara nan zaune a ƙasa, aji ya cika ya batse a kan malami ɗaya. To amma abin tambaya shi ne, ranar hisabi gwamna za a fara tambaya game da wannan yaro, ko uban da ya haife shi? Aya ta 6 a Suratut Tahrimi ta ɗora wa mumini nauyin kare kansa da iyalansa daga wuta. Ba a ce ya ba da kwangilar wannan aiki ba.

Asiri ya tonu a 2020. A watan Maris na shekarar aka rufe makarantu saboda annobar korona, gwamnonin Arewa kuma suka kwashi almajirai suka mayar da su jihohinsu, Jigawa ma ta karɓi nata. Yara suka dawo hannun iyaye wata da watanni. Gidan da ke da allo da mai biyawa, karatu bai tsaya ba. Gidan da babu, ɗan abin da yaro ya riƙe ma ya zube. Wannan karon babu malamin da za a zaga.

Uzurin farko da ake ji shi ne, "Ni ban yi karatu ba." Subhanallahi! Wanda yake sallah sau biyar a rana ai ya iya Fatiha da wasu surori, ya iya alwala, ya iya tahiya. Me ya hana shi ya biya wa ɗansa su? Uzuri na biyu, "Ba lokaci." Mutumin da zai yi awa uku a majalisa yana raba wa 'yan siyasa kujeru, shi ne ba shi da rabin awa? Uzuri na uku ya fi muni: "Wannan aikin uwarsu ne." Uwar da aka cire daga makaranta, aka kulle ta, aka hana ta zuwa Islamiyyar matan aure, ita ce za ta ba da abin da ba a ba ta ba?

Masu wannan uzuri suna alfahari da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, amma ba su duba gidansa ba. Shehu, wanda aka haifa a 1754, a wajen mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ya karanta Alƙur'ani kafin ya nufi wasu malamai. A littafinsa Nurul Albab ya yi kaca-kaca da malaman da ke karantar da ɗalibai a zaure, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin duhun jahilci. Kuma bai tsaya ga faɗa ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, a cikin gida ta yi karatu a hannun mahaifinta da danginta, har ta zama mai wallafa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa wa jajoji malfa, suna bin ƙauyuka suna kai wa mata karatu. Babu aji, babu albashi, babu tallafin Turawa, ga hijira ga yaƙi, amma karatu bai mutu ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To yaya ake cin nasara? Manomin Kiyako ya fi kowa sani. Ya san ba a shuka gero a tafi sai kaka. Akwai noman fari, akwai maimai, akwai zagayen gona safe da yamma. Haka karatun yaro yake.

Na farko, a tsayar da lokaci guda, tsakanin Magariba da Lisha, kullum. A kashe rediyo, a ajiye waya. Kaɗan mai ɗorewa ya fi mai yawa na rana ɗaya, domin da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu, a bi tsarin da magabata suka bari. Babbaƙu kafin farfaru, kuma ba a wanke allo sai yaro ya riƙe. Wanda ya yi gaba ya riƙa tilawar baya, kada a yi ta gudun sauka alhali izu biyar na farko sun tsere.

Na uku, a buɗe jakar boko. Ko wanda bai san "A" ba zai gane littafin da ya yi mako ba a rubuta komai a ciki ba. Uba ya sa yaro ya karanta masa da ƙarfi, ya karanta rubutun jikin buhun taki, ya lissafa kuɗin mudun riɗi. Ya taka ya gaisa da malamin ɗansa ko sau ɗaya a wata.

Na huɗu, wa ya biya wa ƙane, ya ta biya wa ƙanwa, kuma farantin talla ya jira a tashi daga karatu. 'Ya mace ba ta da ranar hutu daga ilimi.

Na biyar, a rage bulala. Yaron da jikinsa ke rawa ba ya riƙe harafi, ɓoyewa kawai yake koyo. Luƙman da nasiha ya yi wa ɗansa tarbiyya.

Na ƙarshe, kuma shi ne ya fi wa girman kai nauyi: uban da bai iya ba ya ɗauki allonsa ya zauna, ya kuma bar matarsa ta je makaranta. Yaron da ya ga babansa yana biya karatu ba ya bukatar wa'azi a kan darajar ilimi.

Ba ana cewa a janye yara daga makaranta ba ne, ko a daina neman haƙƙi a hannun masu mulki. A'a, a ci gaba da matsa musu. Amma malami gini yake ɗorawa, gida ne ke haƙa harsashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda kuwa ya ƙi tanƙwara nasa, titi zai tanƙwara masa yadda ya ga dama. Magariba tana tafe. Majalisa ba za ta gudu ba, ƙuruciyar yaro ce ba ta jira.

Allah Ya ba iyaye ikon sauke amana.