Masauki a Doha: Kada kyan Kornish ya ruɗe mu

Tun bayan gasar cin kofin duniya ta shekarar 2022, sunan Doha bai bar bakin matasanmu ba. A shekarar ce ma kamfanin Qatar Airways ya fara sauka a Kano, bayan Legas da Abuja. Wasu na zuwa saro kaya, wasu neman magani, wasu kuma yada zango ne kawai a hanyarsu ta zuwa umara. Sai dai kusan kowa hoto ɗaya yake turowa gida: yana tsaye a bakin teku, dogayen benaye na ƙyalli a bayansa. Wannan wuri shi ne Kornish, titin da ya bi gaɓar teku tsawon kimanin kilomita 7, daga gidan adana kayan tarihin Musulunci da aka buɗe a 2008 har zuwa otal ɗin Sheraton.

Mu da muka tashi a Sabon Ibadan, Agege ko zangon Kumasi mun san darajar masauki. Kakanninmu fataken goro da shanu ba sa kwance kaya sai a hannun maigida, wanda zai ba su ɗaki, ya tsaya musu a ciniki, ya kuma kai su gaban Sarkin Hausawa in rigima ta taso. A Doha baƙo ba zai tarar da irin wannan gata ba, don haka zaɓen unguwa ya rataya a wuyansa.

Kurakurai biyu muke ganin 'yan uwa na tafkawa. Na farko shi ne kama ɗaki a unguwar Dafna, inda benayen nan suke, don kawai a ce an kwana a bakin teku. Otal-otal ɗin wurin na manyan 'yan kasuwa ne da baƙin gwamnati, kuma riyal ɗin Katar ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.64 a dala ɗaya. Duk lokacin da naira ta faɗi, kuɗin ɗaki ya tashi ke nan. Cikin kwana uku sai jarin mutum ya tafi a kwana. Na biyu shi ne biye wa dillalan da ke yi wa mutum alƙawarin gado mai araha a Sana'iyya, unguwar masana'antu da ke can gefen gari inda leburori ke zaune. Wurin ya yi nisa da kasuwa da asibiti, abin da aka rage a kuɗin kwana sai ya ƙare a tasi. Ga shi babu rasit, babu wanda za a kama in kaya sun ɓace.

A ra'ayinmu, buƙatar da ta kai mutum ita ya kamata ta zaɓa masa unguwa. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2019 yana da layi uku, kuma duk sun haɗu a tashar Mushairib. Jan layi yana tasowa daga filin jirgin sama na Hamad, ya bi ta Mushairib, ya wuce tashar Kornish. Mai saye da sayarwa ya nemi ƙaramin otal mai rajista a kewayen kasuwar Suƙ Waƙif, Najma ko Mansura, inda abinci ke da sauƙi, masallatai kuma na kusa. Mai jinya ya duba Bin Mahmud ko Al Sadd, kusa da asibitin Hamad. Daga Suƙ Waƙif da ƙafa ake fita Kornish, kuma ba a karɓar ko sisi don shan iska. A tuna kuma daga watan Yuni zuwa Agusta zafi kan haura digiri 40, tafiyar da ake gani kusa a taswira azaba ce da tsakar rana.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin matasa da su riƙa zama da duk yaron da ya ce zai tafi, su ga takardar otal ɗinsa da sunan unguwar kafin a yi masa addu'ar sallama. Iyaye ma su tambaya, kada su tsaya ga kallon hoto. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi da jarinsa da mutuncinsa.