Kogin Seine: Ma'aunin Tsabtar Ruwa da Abin da Ba Ya Nunawa

A ranar 5 ga watan Yulin shekara ta 2025 mahukuntan birnin Paris suka buɗe wurare uku a Kogin Seine domin jama'a su yi ninƙaya, bayan haramcin da ya yi aiki tun shekarar 1923. Washegari aka rufe su saboda ruwan sama. Wannan lamari ya sake tayar da tambayar da masana suka daɗe suna yi: me ake nufi idan hukuma ta ce kogi ya yi tsabta?

Alƙawarin tsabtace kogin dai tsoho ne. A shekarar 1988 Jacques Chirac, wanda a lokacin yake magajin garin Paris, ya ce da kansa zai shiga Seine ya yi wanka a gaban shaidu, amma har ya rasu a 2019 bai shiga ba. Wasannin Olamfik na 2024 ne suka tilasta a ɗauki maganar da muhimmanci, inda gwamnatin Faransa da ƙananan hukumomin yankin suka kashe kimanin Euro biliyan 1.4. A ranar 17 ga Yulin wannan shekara Anne Hidalgo, magajiyar garin a lokacin, ta shiga kogin a gaban 'yan jarida, saura kwana tara a buɗe wasannin.

Ma'aunin da ake amfani da shi ya samo asali ne daga wata dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2006 game da ruwan da mutane ke wanka a ciki. Dokar ta kasa ruwa mataki huɗu, daga mai kyau ƙwarai, sai mai kyau, sai mai dama-dama, sai kuma mara kyau. Ƙwayoyin bakteriya iri biyu kawai ake ƙirgawa, wato E. coli da enterococci, waɗanda ke zaune a hanjin mutum da dabba. Yawancinsu ba su ne ke kwantar da mutum ba. Ana ƙirga su ne saboda samunsu a ruwa shaida ce cewa bahaya ya shiga cikinsa, tare da duk cututtukan da ka iya biyo shi. A kogi ko tafki, ruwa ba ya samun matakin farko sai yawan E. coli ya tsaya ƙasa da 500 a cikin mililita 100 a kusan dukkan gwaje-gwajen, yayin da iyakar mataki na uku take a 900. Bugu da ƙari, ana yanke wannan hukunci ne bisa sakamakon shekaru huɗu a jere.

A nan ne matsalar take. Hukuncin shekaru huɗu yana bayyana halin kogi na yau da kullum, amma ba ya gaya wa wanda ke tsaye a bakin ruwa abin da zai haɗiya yau da safe. Shi kuma gwajin da ake yi kowace rana yana da nasa cikas, domin sai an bar ƙwayoyin sun hayayyafa a ɗakin gwaje-gwaje na kusan yini guda kafin a iya ƙirga su. Ke nan sakamakon da ya iso hannun jami'ai bayanin ruwan jiya ne, wanda tuni ya yi gaba zuwa teku.

A Paris kuwa yini guda yana iya sauya komai. Magudanan ƙarƙashin ƙasa na birnin, waɗanda injiniya Eugène Belgrand ya tsara a ƙarni na 19, hanya ɗaya suke bi da ruwan sama da ƙazantar gidaje. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya suna cika, kuma domin kada ƙazantar ta koma tituna sai a sake ta cikin kogi. Saboda haka ne aka haƙa wani katafaren rami kusa da tashar jirgin ƙasa ta Austerlitz, wanda aka buɗe a watan Mayun 2024, mai ɗaukar ruwa kyubik mita 50,000, domin ya riƙe ruwan har hadari ya wuce. Amma ramin ba shi da iko da abin da ke gangarowa daga garuruwan da ke saman Paris da kuma Kogin Marne. Ruwan saman da aka sheƙa a daren bikin buɗe wasannin, ranar 26 ga Yuli, ya sa aka soke atisayen 'yan wasa, kana aka ɗage gasar tseren maza mai haɗa ninƙaya da keke da gudu daga ranar 30 zuwa 31 ga watan. An yi gasar daga bisani, sai dai ba wanda zai ce sa'ar yanayi ba ta taka rawa ba.

Shi kansa tsarin da aka bi a 2025 amincewa ce da wannan gibi. Wuraren uku, wato Bras Marie da Bercy da Grenelle, suna kafa tuta kowace safiya, koriya idan an yarda a shiga, ja idan an hana. Jami'ai ba sa dogara ga sakamakon ɗakin gwaje-gwaje kaɗai, suna kuma duba yawan ruwan saman da ya sauka da ƙarfin gudun kogin, kuma sukan rufe wurin tun kafin sakamako ya fito.

Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne, tutar mai ninƙaya ba ta shafi mai kamun kifi ba. Gaskiya ne kifi ya dawo, domin daga iri uku kacal da ake samu a Paris a shekarun 1970, yanzu sun haura talatin. To amma tun shekarar 2010 hukumomi suka haramta ci ko sayar da kifin da aka kama a kogin cikin birnin, saboda sinadarin PCB. Faransa ta hana sayar da wannan sinadari na masana'antu tun 1987, amma yana nan kwance cikin taɓon ƙasan kogin, yana taruwa a kitsen kifi. Ƙirgar bakteriya ba ta ganin sa ko kaɗan. Mutum na iya yin wanka da izinin hukuma a ruwan da hukumar ta hana shi cin kifinsa, kuma a kimiyyance duka hukuncin biyu daidai ne.

Su kuwa matuƙan jiragen ruwa tsayin kogin suke kallo. Tsarin gargaɗin ambaliya na Faransa, Vigicrues, yana da launuka huɗu daga kore zuwa ja, kuma idan ruwa ya kai mita 4.30 a ma'aunin Austerlitz ana dakatar da zirga-zirga, saboda jirage ba sa iya wucewa ta ƙarƙashin gadoji. Hakan ta faru a watan Yunin 2016, lokacin da kogin ya kai mita 6.10. Kazalika akwai saɓani tsakanin masu jirage da masu ninƙaya kan wanda zai yi amfani da ruwan da kuma lokacin, kasancewar haɗarin jirage na daga cikin dalilan haramcin na 1923. Wannan ya sa aka taƙaita sa'o'in wanka a Bras Marie, inda jiragen 'yan yawon buɗe ido suka saba bi.