Harshe jari ne: «print», «publish», «issue» da «release»

Ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, da ma'aikacin da takardun Najeriya ke isowa bisa teburinsa, dukansu suna cin karo da kalmomin Ingilishi huɗu waɗanda Bahaushe kan tara cikin «buga» ko «fitar». Ingilishi kuwa ya rarrabe su, kowace da mai aikinta. Wanda ya yi lakkol da Faransanci shi ya fi kamata ya yi hattara, don kamannin kalma yakan ruɗi mutum.

«Print» aikin inji ne, tawada bisa takarda. «Publish» shi ne wallafa, watau ɗaukar nauyin littafi ko jarida har su kai hannun jama'a. Mai wannan aiki «publisher» ne, wanda Faransanci ke kira «éditeur». Shi kuwa «editor» na Ingilishi mai tace rubutu ne. Saboda haka mai son sarin littattafai, in ya aika wa «editor» wasiƙa, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta ciniki ba.

«Issue» ita ce mai nauyi. Galibi hukuma ko kamfani ke yin ta: ba da fasfo, lasisi, rasit ko takardar kuɗi. Da ita aka bayyana aikin Babban Bankin Najeriya a watan Disamba na 2022, lokacin da ya fitar da sabbin takardun naira 200, 500 da 1000. Tana kuma zama suna: kowace fitowa ta jarida «issue» ce, kamar fitowar farko ta Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939.

A nan tarkon yake. «Issue» ta Faransanci mafita ce, ko ƙarshen al'amari. Wanda ya ga «date of issue» ya ɗauka ranar ƙarewar takarda ce, ya kuskure: ranar da aka ba da ita ke nan, watau «date de délivrance». Ranar ƙarewa «date of expiry» ce. Haka nan «deliver» ba ita ce «délivrer» ta ofis ba. Ma'anarta a kasuwa kai kaya hannun mai shi.

«Release» kuma saki ne. Da ita ake faɗin sakin sabon fim, ko sanarwa ga ƴan jarida, ko kayan da duwan ta riƙe. Ana iya ba mutum rasit, «issued», alhali buhunansa na nan tsare, ba a kai ga «released» ba. Wanda ya ɗauko mota tun kafin ya ga kalmar ta biyu, kuɗin kwanan direba a kansa suke.

Kafin sa hannu, mai hankali ya duba wa ya ba da takardar, yaushe, kuma wace kalma aka rubuta. In ta shige masa duhu ya tambaya, don matambayi ba ya ɓata.